BAYANI: Abin da noma ke yi wa maiƙon ƙasa da ƙananan halittun cikinta a Arewa

Duk shekara idan damina ta gabato, maganar noma a Najeriya takan koma maganar takin zamani: nawa ne buhu, tirela nawa gwamna ya raba, wa ya samu, wa aka hana. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi halin da ƙasar da za a zuba wa takin take ciki ba. Manoma a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara sun daɗe suna cewa gona ta gaji, takin da ke isarta a da yanzu ba ya isarta. Masana kimiyyar ƙasa suna da bayanin wannan gajiya, kuma mafi yawansa yana komawa ga abu biyu: ruɓaɓɓen abin da ke gauraye da ƙasa, da halittun da ke rayuwa a kansa.

Matsalar ta shafi duniya baki ɗaya. A rahotonta na 2015 a kan halin da ƙasar noma ke ciki, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce kimanin kashi 33 cikin ɗari na ƙasar duniya ya lalace, daga matsakaiciyar lalacewa zuwa mai tsanani. Sai dai ƙasar Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar tana da nata rauni na musamman, kuma tana da nata tarihin gyara.

Mene ne maiƙon ƙasa?

Idan aka ɗebi ƙasar gona aka tace, mafi yawanta yashi ne da turɓaya da yumɓu, wato dutsen da ya marmashe a tsawon dubban shekaru. Ɗan abin da ya rage shi ne ragowar duk wani abu da ya taɓa rayuwa: ganye, saiwa, kara, kashin dabbobi, gawar ƙwari da ta ƙananan halittu, a matakai daban-daban na ruɓewa. Wannan ne za a kira maiƙon ƙasa a wannan bayani. Shi ke ba wa ƙasar ƙarƙashin itatuwa da ta tsohon juji launin baƙi da laushi.

Kimanin kashi 58 cikin ɗari na nauyin maiƙon ƙasa sinadarin kabon ne, shi ya sa a ɗakin gwaji kabon ake aunawa. An kiyasta cewa mita ɗaya ta saman ƙasar duniya tana ɗauke da kusan tan biliyan 1,500 na irin wannan kabon, adadin da ya zarce wanda ke cikin sararin samaniya. Wannan ne ya sa masu tattauna sauyin yanayi suka shigo cikin maganar, har Faransa ta ƙaddamar da shirin ƙara kabon a ƙasar noma a taron yanayi na Paris a 2015.

Ga manomi kuwa, amfanin maiƙo ya fi wannan kusa. Shi ne rumbun da naitirojin da wani kaso na fosfaras da salfa ke ajiye, suna fita kaɗan-kaɗan yayin da yake ruɓewa. Yana haɗa ƙwayoyin ƙasa su dunƙule, ruwa ya samu hanyar nutsewa, iska kuma ta kasa kwashe ta cikin sauƙi. Yana riƙe danshi, abin da kan raba shukar da ta tsallake fashin ruwa na mako biyu da wadda ta ƙone. Sannan yana kama abincin shuka, har da na takin zamani, ya hana ruwa wanke shi zuwa inda saiwa ba ta kaiwa.

Mazauna ƙasa

Giram ɗaya na ƙasa mai lafiya, abin da bai cika ƙaramin cokali ba, yana iya ɗaukar ƙwayoyin bakteriya har biliyan ɗaya. Wani nazari da aka wallafa a 2023 ya kiyasta cewa kusan kashi 59 cikin ɗari na nau'o'in halittun duniya a cikin ƙasa suke zaune. Duk da haka, idan aka haɗa jikinsu wuri guda ba su wuce kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na kabon ɗin ƙasa ba. Su ne ke sarrafa sauran, kuma su ne farkon masu raguwa idan gona ta fara lalacewa, tun kafin awon maiƙo ya nuna wani sauyi.

Akwai bakteriya da fangas, dangin funfuna da naman kaza, masu cin matattun ganye da saiwa suna mayar da su abincin shuka. Akwai raizobiyam, bakteriyar da ke zaune a cikin ƙananan ƙulluttan da ake gani a saiwar wake da gyaɗa da waken suya, tana ɗauko naitirojin daga iska tana ba wa shuka. Masana a Jamus da Holan ne suka tabbatar da wannan aiki a shekarun 1880, amma manomin ƙasar Hausa ya riga ya san gonar da aka yi wake a cikinta ta fi karɓar gero. Idan aka tsaga ƙullutun aka ga cikinsa ja-ja, alama ce bakteriyar tana aiki.

Akwai kuma maikoraiza, wani fangas da ke shiga saiwar dawa da gero da masara, ya miƙa siraran zaruruwa zuwa inda saiwa ba ta isa, ya jawo fosfaras da ruwa, shuka kuma ta biya shi da sukari. A ƙasar da fosfaras ya yi ƙaranci kamar tamu, wannan ciniki yana da muhimmanci ƙwarai. Ƙamshin da ke tashi idan ruwan farko ya sauka ma aikin wani rukunin bakteriyar ƙasa ne, kuma daga danginsu aka samo maganin tarin fuka na farko mai aiki a 1943. Sama da waɗannan akwai waɗanda ido ke gani, tana da gara da buzuzu, masu haƙa ramuka suna jan ganye da kashi zuwa cikin ƙasa.

Ko takin zamani bai tsira daga hannunsu ba. Yuriya da aka zuba a gona sai ƙananan halittu sun juya ta kafin shuka ta amfana da mafi yawanta.

Dalilin da ya sa ƙasar Arewa ke da rauni

Tun kafin fartanya ta taɓa ta, ƙasar wannan yanki ba ta da maiƙo mai yawa. Binciken da M. J. Jones ya yi a Samaru a farkon shekarun 1970, a kan ƙasar dazuzzukan ciyawa na Afirka ta Yamma, ya nuna matsakaicin kabon ɗinta bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. A gonakin jigawa da aka daɗe ana nomawa yakan faɗi ƙasa da rabin kashi ɗaya.

Dalilan a bayyane suke. Zafi yana hanzarta ruɓewa, don haka abin da aka zuba ba ya daɗewa. Damina wata huɗu ce zuwa biyar, ciyawa da ganyen da ke komawa ƙasa ba su da yawa. Ƙasar jigawa yashi ce, ba ta da isasshen yumɓun da ke lulluɓe maiƙo ya kāre shi, kuma irin yumɓun da ke akwai ba ya riƙe abincin shuka sosai. Saboda haka ɗan maiƙon da ke cikin jigawa shi ke ɗauke da kaso mai tsoka na aikin riƙe taki. Idan ya tafi, babu mai maye gurbinsa. Fadama da ƙasar laka sun fi jurewa, shi ya sa ake rububinsu.

Wani ɗan lissafi zai nuna girman abin. Hekta ɗaya ta jigawa, a zurfin santimita 20, tana da nauyin kusan tan 3,000. Idan kabon ɗinta rabin kashi ɗaya ne, tana ɗauke da tan 15. Ɗaga shi zuwa kashi 1 yana buƙatar wani tan 15 ya zauna a cikin ƙasar, alhali ƙaramin kaso ne kawai na takin da aka zuba yake zama, sauran ƙananan halittu ne ke cinyewa su fitar da shi ta iska. Abin da aka ɓarnatar a shekaru kaɗan yakan ɗauki gomman shekaru kafin ya dawo.

Akwai kyauta ɗaya da yankin ke samu ba tare da wahala ba. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, tana sauke fotashiyam da kalsiyam da wasu ma'adinai a gonaki kowace shekara. Amma gonar da ke da kara ko itatuwa ce ke kama ƙurar, wadda aka share tas kuwa iska ma ƙara kwashe tata take yi.

Daga daji zuwa gona

Asara mafi girma tana faruwa ne a shekarun farko bayan sassabe. A 2002 masu bincike biyu a Ostireliya, Guo da Gifford, sun tattara sakamakon nazarce-nazarce 74 daga sassan duniya. Sun gano cewa mayar da daji gona yana rage kabon ɗin ƙasa da kashi 42 cikin ɗari a matsakaici, mayar da makiyaya gona kuma yana rage shi da kashi 59. A ɗaya ɓangaren, gonar da aka bari ta koma daji tana ƙara kashi 53, wadda aka mayar makiyaya kuma kashi 19.

Abin da ke jawo haka shi ne daidaito ya karye. A daji ganye da saiwa suna komawa ƙasa duk shekara, gwargwadon abin da ƙananan halittu ke ci. A gona ana kwashe hatsi da kara a fita da su, ƙasa kuma tana buɗe ga rana, ruɓewa na ci gaba da sauri. Sabuwar gona takan yi albarka shekara biyu ko uku saboda tana cin jarin da daji ya tara. Wannan ne ya sa faɗaɗa noma zuwa cikin dazuzzuka da burtali da makiyaya yake kama da riba a farko.

Maganin da magabata suka sani shi ne saura: a bar gona ta huta shekaru, ciyawa da sabara da kalgo su rufe ta, a koma wata. Wannan tsari yana buƙatar fili mai yawa da mutane kaɗan. Ƙidayar 1963 ta ba Najeriya mutum miliyan 55.7, ta 2006 kuma miliyan 140, inda Jihar Kano kaɗai ke da miliyan 9.4. Da ƙaruwar jama'a da rarrabuwar gonaki a tsakanin magada, saura ta gajarce, a wurare da dama ta ɓace.

Ayyukan gona ɗaya bayan ɗaya

Kwashe kara da harawa. Bayan girbi manomi yakan tattara karan dawa da na gero don danga da jinka da makamashi da abincin dabbobi, harawa kuma kuɗi ce a kasuwa. Ba wauta ba ce, buƙata ce. Amma sakamakonta shi ne gona takan kwana tsirara wata bakwai, zafin samanta a bazara yana iya haura digiri 50, ƙananan halittu ba abinci ba inuwa. Gwajin da cibiyar ICRISAT ta gudanar a Sadore kusa da Yamai tun daga shekarun 1980 ya nuna cewa barin karan gero a gona, musamman tare da ɗan takin zamani, yana ɗaga amfanin gero sosai fiye da takin shi kaɗai, yana kuma rage tsamin ƙasa.

Ƙona sharar gona. Toka tana mayar da fotashiyam da kalsiyam, shi ya sa inda aka ƙona shara shuka kan yi kyau a shekarar. Amma kabon da naitirojin da salfa suna bin hayaƙi. Wutar da ake yi kowace shekara tana hana maiƙo taruwa.

Kaftu da huɗa. Juya ƙasa yana farfasa dunƙulenta, iska ta shiga, bakteriya su cinye maiƙon da ke ɓoye. Yana kuma tsinka zaruruwan maikoraiza. Haro na tarakta da ake maimaitawa a zurfi ɗaya yakan bar tauri a ƙarƙashi, wanda ke tare saiwa da ruwa. Duk da haka daina huɗa kaɗai ba magani ba ne. A ƙasar da samanta ke yin ɓawo bayan ruwa, barin huɗa ba tare da rufe ƙasa da kara ko ciyawa ba yana iya rage amfani. Kunyar da aka ja a gicciyen gangare tana tare ruwa, tana rage zaizaya.

Shuka iri ɗaya kowace shekara. Masara bayan masara tana ciyar da rukuni ɗaya na halittu, cututtukan saiwa da ciyayin da suka saba da ita su yawaita. Tsohon tsarin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, ko juya masara da waken suya ko gyaɗa, yana kawo saiwa iri-iri da naitirojin daga iska. Karan hatsi kaɗai yana da kabon mai yawa da naitirojin kaɗan, kuma idan aka binne shi ƙananan halittu sukan ari naitirojin ɗin ƙasa su ruɓar da shi, shuka ta yi ɗorawa na ɗan lokaci. Gauraya shi da harawa ko kashin dabbobi yana kawar da wannan.

Lokacin shuka. Da rani ƙananan halittu a kwance suke. Ruwan farko yana tashe su gaba ɗaya, su saki naitirojin mai yawa cikin kwanaki kaɗan, abin da H. F. Birch ya bayyana a Gabashin Afirka a 1958. Gonar da aka shuka da wuri tana cin wannan garaɓasa. Wadda aka jinkirta, saboda jiran taki ko tarakta ko tsoron 'yan bindiga, ruwa ne ke wanke rabonta.

Shanu a gona. A da, bayan girbi makiyayi yakan shigo da shanu su ci kara su kwana a gona, manomi ya ba shi hatsi, gona ta samu taki. Ta wannan hanya abincin da shanu suka ci a daji yake sauka a karkara. Rikicin manoma da makiyaya, cinye burtali da makiyayar da aka keɓe ƙarƙashin dokar 1965 ta Jihar Arewa, da satar shanu, sun raunana wannan alaƙa a wurare da dama. Ana ƙidaya rayukan da aka rasa da dukiyar da ta salwanta, amma takin da gonaki suka daina samu ba ya shiga lissafin kowa.

Noman rani. A manyan ayyukan ban ruwa irin na Kadawa da ke shan ruwan Tiga da na Bakolori, gona tana aiki sau biyu ko uku a shekara. Danshi da zafi suna sa ruɓewa ta ci gaba babu hutu, kuma inda magudanai suka toshe ruwa yakan kwanta, gishiri da kanwa su taso sama. A gonar shinkafa da ruwa ya rufe, iska ba ta shiga, halittun da ba sa buƙatarta su karɓi wurin, ciki har da masu fitar da iskar da ke ɗumama duniya.

Abin da gwajin Samaru ya nuna

A 1950 aka fara wani gwaji a Samaru kusa da Zariya, a wurin da ya zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. An yanka fili gida-gida, wasu aka riƙa ba su kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu kuma ba komai, aka ci gaba da nomawa shekara bayan shekara. Yana cikin gwaje-gwaje mafi daɗewa a Afirka ta Yamma.

Bayan shekara 45, Agbenin da Goladi sun auna ƙasar, suka wallafa sakamakon a 1997. Filayen da suka dogara da takin zamani kaɗai sun yi asarar maiƙo idan aka kwatanta da dajin da ba a taɓa nomawa ba, ƙasarsu kuma ta ƙara tsami. Waɗanda suka samu kashin shanu, shi kaɗai ko haɗe da takin zamani, sun riƙe ƙarfinsu kusa da na dajin.

Tsamin yana da sanadi. Lokacin da bakteriya ke juya naitirojin ɗin taki, sukan bar tsami a baya, kuma ƙasar da ba ta da maiƙo ba ta iya shanye shi. Idan tsami ya yi yawa fosfaras yakan maƙale, raizobiyam ya yi rauni, saiwa ta tsuke.

Gwajin Rothamsted a Ingila, wanda aka fara a 1843 kuma yake gudana har yau, ya nuna irin haka: kabon ɗin filin da ake ba takin gargajiya ya ninka na sauran fiye da sau biyu. Amma tan 35 ake zuba wa kowace hekta duk shekara a can, adadin da ƙaramin manomi mai awaki biyar ba zai taɓa tarawa ba. Darasin shi ne babu ɗayan takin biyu da zai ɗauki nauyin shi kaɗai. Takin zamani yana ƙara kara da saiwar da za su koma ƙasa, maiƙo kuma yana sa takin ya zauna. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ƙuduji, alamar gonar da ta gaji

Manoma sun san ƙuduji, ko wuta-wuta, ya fi addabar gonar da ta rame. Kimiyya ta gano dalilin. Idan dawa ko masara ta rasa fosfaras da naitirojin, saiwarta takan fitar da wani sinadari domin kiran maikoraiza ya zo ya taimaka. Irin ƙuduji, wanda ke iya kwanciya a cikin ƙasa fiye da shekara goma, da wannan sinadari yake gane cewa abincinsa ya iso, sai ya tsiro ya maƙale wa saiwar. Iya yunwar shuka iya ƙarfin kiran. Shi ya sa taki da juya shuka da waken suya suke rage ƙuduji, kuma feshi kaɗai ba ya ƙarar da shi.

Wuraren da aka riƙe ƙasa

Yawan jama'a ba hukuncin kisa ba ne ga gona. Karkarar da ta kewaye birnin Kano, wadda Michael Mortimore ya fara nazarinta a shekarun 1960, an daɗe ana nomanta kowace shekara babu saura, amma ba ta mutu ba. Jakuna suna kai itace da hatsi birni su komo da mangalar taki. Ana ɗaure awaki da tumaki a turke da damina, a ciyar da su harawa da ciyawa, a tara kashinsu da toka da sharar gida, a kai gona kafin ruwa ya sauka. Binciken Frances Harris a ƙauyen Tumbau a shekarun 1990 ya nuna yadda wake da gyaɗa da ƙananan dabbobi da ƙurar hunturu suke mayar wa gona mafi yawan abin da aka cire. Barazanar da ke fuskantar tsarin a yau ta haɗa da gine-ginen da ke cinye gonaki, da leda da batura da suka cika jujin birni.

A Maraɗi kuwa, tun daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoma ga kututturan da ke tohowa a gonakinsu. Maimakon a sare tohon a lokacin sharar gona, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari su girma. Manoma suka kira shi sassabin zamani. Daga baya hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo ne kan gaba: yana zubar da ganye da damina don haka ba ya yi wa gero inuwa, yana da raizobiyam a saiwarsa, dabbobi kuma suna taruwa a ƙarƙashinsa da rani su bar taki. Abin da ya sa tsarin ya yaɗu shi ne manoma sun fara amincewa cewa itacen da suka raina nasu ne, ba na ma'aikatan gandun daji ba.

A yankin Tawa ana farfaɗo da fako ta hanyar tassa, ƙananan ramukan da ake haƙawa da rani a zuba ɗan taki. Gara takan zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya nutse. Dabarar ta shahara a Burkina Faso ta hannun Yacouba Sawadogo, wanda ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, shekara ɗaya da Rinaudo.

Ana kuma sayar da ƙananan halittun kansu. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da NoduMax, garin raizobiyam da ake gauraya da irin waken suya kafin shuka. Yana taimakawa, musamman idan an haɗa da fosfaras, amma halittar da aka zuba a ƙasar da ba abinci ba ta daɗewa.

Inda siyasa ta shigo

A 1990 masana biyu daga Holan, Stoorvogel da Smaling, sun kiyasta cewa kowace hekta ta gona a Afirka kudu da Sahara tana asarar kilo 22 na naitirojin, kilo 2.5 na fosfaras da kilo 15 na fotashiyam a shekara. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, wato asarar ta kai kusan buhu guda a kowace hekta.

Amsar gwamnatoci ta karkata ga taki. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta kafin 2015, kuma Najeriya ba ta cimma wannan ba. A ƙarshen 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙulla yarjejeniyar fosfat da Maroko, aka sa farashin buhun NPK a kan naira 5,500. A 2022 aka buɗe masana'antar yuriya ta Dangote a Legas, mai iya samar da tan miliyan 3 a shekara. Duk waɗannan sun shafi abin da ke cikin buhu.

Sai a taron Nairobi na Mayun 2024 lafiyar ƙasa ta shiga sunan taron kansa. Ƙasashen sun yi alkawarin gyara aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ƙasar da ta lalace kafin 2034, da isar da shawarar da ta dace da irin ƙasa da irin shuka ga kashi 70 cikin ɗari na ƙananan manoma. A cikin gida akwai Cibiyar Kimiyyar Ƙasa ta Najeriya da dokar 2017 ta kafa, da shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, mai burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya. Alkawarin Maputo na 2003 na ware kashi 10 cikin ɗari na kasafi ga noma kuwa, kasafin tarayya ya daɗe yana nesa da shi.

Mallakar gona ma tana cikin maganar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni, kuma yawancin gonakin karkara ba su da takarda. Wanda ke noma gonar aro ko haya ko jingina ba shi da dalilin zuba takin da amfaninsa zai kai shekara uku, tunda mai gona na iya karɓe ta da zarar ta yi kyau. Matasa da mata ne suka fi yawa a wannan rukuni.

Rabon taki yana da hoto da tirela da ranar ƙaddamarwa, sakamakon gyaran ƙasa kuwa yakan wuce wa'adin mulki ɗaya kafin a gan shi. Amma ana iya aunawa. Jihar da ta ce ta farfaɗo da hekta dubu kaza, za a iya neman ta nuna inda filayen suke, da awon kabon da tsamin ƙasarsu kafin aiki da bayansa, da adadin itatuwan da suka rayu bayan shekara uku. Za a iya tambayar malaman gona nawa take da su, nawa ta kashe a kan gwajin ƙasa idan aka kwatanta da sayen taki, da ko takin da ta raba an haɗa shi ne bisa ƙasar yankin. Waɗannan bayanai suna cikin abin da ɗan ƙasa ke da ikon nema daga hukumomin tarayya ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, kuma majalisun jihohi suna da hurumin neman su a duk lokacin da ake kāre kasafin ma'aikatar gona.